Lambar da Atika Ta Bari

Zariya, Maraɗi
Farkon watan Rajab

Zuwa ga jikata Fadila,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da aiki da baƙunta. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwa da kunne. Gwiwar tana lallaɓawa, kunnen kuwa ya riga ya yi sallama da ni. Don haka kada ki wahalar da kanki da kira ta salula. Sai in ga tana haske bisa tabarma, in ɗauka, in yi ta "na'am, na'am" ni kaɗai. Takarda ta fi mini. Tanimu, direban da ke kai hatsi Agadas, ya ce zai riƙa kai miki yana kawo mini.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane mai rubutun. Ni ne Chaibu, wanda ake ce wa Mushe kamar kowane malamin boko a nan, ɗan baffan kakarki Hajiya Safi, wanda ya koyar da lissafi a kwaleji har ya aje aiki. Rabona da ke tun wani suna a Tibiri, kina ƙarama, na tambaye ki bakwai sau takwas kika ce sai na fara biyan alewa. Yanzu ga shi an ce kin gama jami'a, an tura ki lise, babbar sakandare, kina koyar da abin da na koyar. A duk danginmu mu biyu ne muka kamu da wannan ciwo.

Ta'aziyyarki ta rasuwar matata Atika ta iso ta bakin mahaifiyarki. Na gode, Allah ya ba da lada. Gidan yana nan yadda ta bar shi, sai dai ya ƙara girma. Maƙwabciyata tana aiko da tuwo, ina ci.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wata lamba da nake so ki duba mini: 55,441. Ki gaya mini halinta duka. Mara ce ko cika, wannan ko makaho ya gani. Abin da nake so in sani shi ne ko tana rabuwa. Na gwada ta da hannu, da biki da kaye, wato biro da littafin rubutu, da duk lambobin da ya kamata a gwada har zuwa 233, ban samu wadda ta shiga cikinta ba tare da saura ba. Amma idona ba na da ba ne, kuma ku kuna da ordinatar, kwamfutar nan taku. A aji nakan kira irin waɗannan lambobi gagara-raba, yara su yi ta dariya, amma sunan ya zauna musu fiye da na Faransanci.

Kada ki tambaye ni inda na samo ta. Ki ɗauka tsoho ne ba shi da aikin yi.

Kakanki,
Chaibu

*

Agadas
Tsakiyar Rajab

Kaka Mushe,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka da ladabi, na gaida gwiwa, kunnen kuwa ba sai na gaishe shi ba tunda ba zai amsa ba. Ina lafiya. Kuma na gane ka tun daga layin farko. Alewar nan har yau ba ka biya ba, amsar ita ce hamsin da shida, na riƙe ta shekara da shekaru ina jira.

Ba ka san daɗin da na ji ba. Tunda na zo garin nan babu wanda ya rubuto mini da hannu. Ɗaki guda nake haya a gidan wata tsohuwa mai kirki da ba ta jin Hausa sosai. Daga lakwal, inda nake koyarwa, sai ɗaki, daga ɗaki sai lakwal. Ranar da babu aji nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai mai burodi. Na karanta takardarka har na kusa haddace ta.

To, ga halin baƙuwarka. Idonka bai yaudare ka ba, gagara-raba ce ta gaske. Babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Saboda haka tana cikin lambobin da ake cewa masu ƙaranci: in aka tara duk masu raba ta, ban da ita, ɗaya tak ake samu. Lamba ta haura dubu hamsin da biyar, amma duk abin da ta mallaka ɗaya ne. Na ɗan tausaya mata.

Amma ba marainiya ba ce. Tana da 'yar tagwai, 55,439, ita ma gagara-raba, lamba guda ce kawai tsakaninsu. Sannan in ka raba ta huɗu, ɗaya ke saura, kuma ka san irin waɗannan ana iya rubuta su a matsayin murabba'i biyu a haɗe, ta hanya guda kawai. Tata ita ce 215 sau 215, a ƙara 96 sau 96. Ka gwada a kayenka, zai ɗebe maka kewa ta rabin yini.

Na rubuta ta da alli a tablo ga 'yan ajina na ƙarshe, na ce daga Maraɗi aka aiko ta. Sun ce wane irin mutum ne ke aiko wa jikarsa lamba maimakon kilishi.

Ka ce kada in tambaya. Ni kuwa jika ce, ba a hana ni. Lambar mota ce? Ta takardar gida? Babu wanda ke gwada lamba da hannu har 233 don rashin aikin yi kawai.

Jikarka,
Fadila

*

Zariya, Maraɗi
Ƙarshen Rajab

Jikata Fadila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na gwada murabba'in, ya fita daidai. Lafiyata ƙalau, sai mura da ta wuce. Ki riƙa fita kina gaida mutane, kada ki koyi halina.

Tunda kin matsa, ga shi.

Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da Atika. Kin kuma san al'adar fida'u, a karanta wa mutum Ƙulhuwallahu ƙafa dubu ɗari da fatan Allah ya 'yanta shi daga wuta. Yawanci 'ya'ya da dangi ke taruwa su raba tsakaninsu bayan mutum ya rasu. Bara Atika ta dawo daga kasuwa da ɗan carbin zamani, irin wanda ake sa wa a yatsa kamar zobe, ana danna shi lamba tana hawa a ɗan gilashi. Lokacin ina ɗan ji in an matso kusa. Ta ce mini, "Mushe, mu ba mu da mai yi muna. In yi nawa da kaina tun ina da lumhwashi, in na ƙare in kama naka."

Tun daga ranar abin nan bai bar yatsanta ba sai in za ta taɓa ruwa. Tana tsince shinkafa tana dannawa, tana jiran tukunya tana dannawa. Ni da ba na jin muryarta sosai, leɓenta nake kallo da ɗan yatsan. Da yamma takan miƙo mini hannu in karanta mata inda ta kai, don ita ba ta yarda da idonta a kan lamba ba.

Mun je gaisuwar mutuwa Tibiri, ta faɗi a tsakar gida, kafin a samo mota ta cika. Can aka rufe ta. Matan da suka yi mata wanka suka kawo mini carbin. Yana nuna 44,559. Ki cire daga dubu ɗari, za ki ga baƙuwarki.

Ƙanwarta Balkisu, da ke aure a Jiratawa, ta zo har gida ta ce a tara mutane a raba ragowar a sauke. Na ce mata lambar ba ta rabuwa. Ko mutum biyu, ko goma, ko ɗari, sai wani ya ɗauki fiye da wani. Ta rubuta mini a bayan kwalin shayi, don ta gaji da ɗaga murya: "Wa ya ce sai an raba daidai?" Na ce ni na ce. Aikin da ba a raba shi daidai ba ban taɓa karɓarsa daga ɗalibi ba. Zan ƙarasa mata da kaina.

Ban fara ba tukuna. Ina shiri.

Abin da ke damuna shi ne gilashin ya fara dusashewa. Na kai wa mai gyaran agogo a Sabon Gari, ya ce pil ɗin ne, wato batirin, ke mutuwa, kuma irin wannan in aka cire pil, lambar ta tafi ke nan. Na karɓe abina na dawo.

Alfarmar da nake nema: ki rubuto a takarda daban, da kyakkyawan rubutu, cewa lambar nan ba ta rabuwa, ki sa hannu a matsayinki na malamar lise. In nuna wa Balkisu ta ƙyale ni.

Kakanki,
Chaibu

*

Agadas
Farkon Sha'aban

Kaka Mushe,

Gaisuwa da fatan murar ba ta dawo ba. Ina lafiya. Na yi kuka da na karanta takardarka, ban ɓoye maka ba. Allah ya jiƙan Inna Atika, ya karɓi abin da ta gabatar.

Amma share hawayenka, jikarka ta samo maka mafita, kuma tana bakin ƙofarka. Ka tuna na ce lamba guda ce tsakanin tagwayen nan? Ita ce 55,440. Kaka, ban taɓa ganin maƙwabta masu bambancin hali irin waɗannan ba. Taka ba ta yarda da kowa, wannan kuwa kowa nata ne. Tana rabuwa da biyu, da uku, da huɗu, haka har sha biyu ba tsallake. Masu raba ta ɗari da ashirin ne cif, kuma duk lambobin da ke ƙasa da ita babu mai yawan haka. Tana cikin masu yalwa: in ka tara masu raba ta, ban da ita, sun ninka ta uku har da ɗori.

Ka ga ke nan. Ka ɗauki ƙafa ɗaya kai kaɗai, saura ya rabu daidai yadda kake so. In mutum talatin suka zo, kowa 1,848. In arba'in ne, 1,386. In sittin ne, 924, kafin la'asar an tashi. Ba wanda zai ɗauki fiye da wani, ƙa'idarka ba ta karye ba.

Saboda maganar pil ɗin ban tsaya jira ba. Na karɓi lambar Inna Balkisu wurin mamata na kira ta. Ta yi murna har tana shi mini albarka. Ta ce za ta gaya wa mutanen Jiratawa da na Tibiri, su zo gidanka ranar Juma'a ta biyu daga yau, bayan an sauko masallaci. Za su zo da abincinsu, kai dai ka shimfiɗa tabarmi. Tanimu ya ce zai riga su isowa, don haka kana da lokacin shiri.

Takardar shaida da ka ce in rubuto ban rubuta ba, tunda ba a bukatarta yanzu. Alewata ta zama biyu.

Jikarka,
Fadila

*

Zariya, Maraɗi
Ƙarshen Sha'aban

Fadila,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya.

Motar Tanimu ta lalace a hanya, ta yi kwanaki a Tanut. Takardarki ta iso bayan baƙinki.

Na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da ƙofar gidana cike. Kabu-kabu sun yi layi, ga wata mota daga Jiratawa da mata da kwanonin dambu, ga tsofaffin Tibiri da carbunansu, har da liman. Na zaci wani ne ya mutu. Balkisu ta taho tana dariya tana magana, ina ganin bakinta yana motsi, na tsinci sunanki a ciki. Sai ta miƙo hannu tana nuna aljihuna, inda carbin yake.

Ban san abin da na faɗa ba, kuma an ce da ƙarfi na faɗe shi, kin san kurma ba ya jin kansa. Na shiga na sa sakata. Na zauna a zaure ina kallon ƙafafunsu ta ƙarƙashin ƙofa. Sun daɗe. Daga baya ƙafafun suka riƙa raguwa. Na Balkisu ne na ƙarshe. Ta turo wata 'yar takarda ta ƙasa: "Yayata ce kahin ta zama matarka. Ba mu zo roƙo ba."

Sun bar kwano guda na dambu a bakin ƙofa. Maƙwabciyata, da ta ga abin da aka yi, kwana biyu ba ta aiko da tuwo ba.

Na karanta lissafinki. Daidai ne, babu kuskure. Amma ni tambaya guda na yi miki, kuma alfarma guda na nema. Ban ce ki nemo mini mafita ba. Na zaci a duk dangi ke ce za ki gane.

Gilashin yanzu sai na karkata shi wajen haske nake ganin lambar.

Ba sai kin wahalar da Tanimu ba.

Chaibu

*

Agadas
Tsakiyar azumi

Kaka Mushe,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da shan ruwa. Ban sani ba ko kana lafiya, don Tanimu ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya buga ƙofa ba a buɗe ba, na ce masa ai ba za ka ji ba, ya ce ya sani, ya leƙa ta taga ya gan ka zaune. Ka ce kada in wahalar da shi. Na wahalar da shi.

Na yi laifi. Na tara maka jama'a ban tambaye ka ba, na sa ka ji kunya a ƙofar gidanka. Ka yafe mini. Da farko haushi na ji, na ce tsohon nan wane irin taurin kai ne da shi, an kawo masa amsa ya ƙi. Ina shan ruwa ni kaɗai a ɗaki ina ta yi maka faɗa a zuci.

Sai na tsaya na yi tunani. Mutumin da ya gwada lamba da hannu har 233, ya fara da biyu, da uku, da biyar, da bakwai, da sha ɗaya. Duk sau biyar ɗin nan ɗaya ya yi masa saura. Kaka, ka ga 55,440 tun a shafin farko na kayenka. Ka san ta kafin in san ta. Ni ce na zo ina yi maka kirarin abin da ka rufe da hannunka.

Amma ban gane dalili ba sai shekaranjiya. Tsohuwar da nake gidanta tana da irin carbin nan. Ta miƙo mini in duba mata inda ta kai, yadda Inna Atika ke miƙo maka. Na duba, sai idona ya tsaya a gilashin. Gurbi biyar ne. Ba shi da wurin rubuta dubu ɗari. Daga 99,999, in aka ƙara ɗaya, sifiri biyar zai nuna.

Ke nan in an taɓa shi, lambar da ta bari da yatsanta ta tafi. In an gama kuma, babu abin da zai rage a ciki. Na zauna a tsakar gidan mutane ina hawaye, tsohuwar tana ta tambayata da hannu ko wani ya rasu.

Ba zan ce maka ga abin da za ka yi ba, na gwada na ga sakamako. Abu biyu kawai zan faɗa. Pil ɗin ba zai jira ka ba, in ya mutu lambar za ta tafi kuma aikin bai cika ba. Na biyu, ita ba don a ajiye ta fara ba.

In ka yarda su ɗauki nasu, ƙafa ɗayan nan taka ce. Ba ni, ba Inna Balkisu, ba liman, babu mai tambayarka yaushe. Ban kira kowa ba wannan karon, kuma ba zan kira ba.

Ko ba ka amsa maganar ba, ka rubuto ka ce kana lafiya. Ba ni da mai rubuto mini sai kai.

Jikarka,
Fadila

*

Zariya, Maraɗi
Bayan ƙaramar salla

Jikata Fadila,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya, na kuma yi azumina duka. Babu abin yafewa tsakaninmu. Kin gane, kin dai yi latti kamar motar Tanimu.

Takardarki ta kwana uku a aljihuna tare da carbin. Daga nan na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, ni da gwiwata. Na tarar da Balkisu a garka tana tsinkar zogale. Ta gan ni ta ci gaba da aikinta. Na tsaya cikin rana har ta ga abin ya isa. Ban iya dogon bayani ba, na ciro carbin na karkata mata shi ta ga yadda lambar ta koɗe. Ta riƙe shi ta daɗe. Sannan ta matso bakin kunnena ta ce da iyakar ƙarfinta, "Kai dai wahalalle ne, Mushe. Taho ka zamna inuwa."

An taru a gidana cikin goman ƙarshe, bayan azahar. Wasu na Tibiri ba su dawo ba, ban ga laifinsu ba. Mutum arba'in da biyu suka zo, na ƙirga su a bakin ƙofa kamar 'yan aji. Maƙwabciyar lambarmu ba ta ba mu kunya ba, kowa 1,320. Na rubuta a bango da gawayi. Ban ji ko harafi guda ba, amma na ga leɓuna arba'in da biyu suna motsi a tsakar gidan da na saba ganin guda. Da suka gama liman ya ce saura ɗaya. Balkisu ta ce masa wannan ba ruwansa.

Sauran aikin nawa ne. Na ce abin da aka karanta sai ya shiga carbinta. Dannawar farko ita ce mai wuya. 44,559 ta koma 44,560, kuma babu hanyar komawa. Na aje shi na fita na zagaya unguwa. Bayan haka na zauna na yi ta dannawa, safe da yamma, har babban yatsana ya kumbura. A hanya na wuce 55,439, na wuce 55,441, na gaishe su a madadinki. Ranar jajibiri ya tsaya a 99,999.

Na riƙe shi haka har aka yi salla. Ina ta ce wa kaina gobe. Ran nan da safe na ciro shi, na karkata ta kowane gefe ban ga komai ba. Na fita tsakar gida cikin rana, na kare shi da tafin hannu, da ƙyar tara-taran suka fito kamar rubutun fensir da aka goge. Ban ko karya ba na nemi mai kai ni Tibiri.

Na tsaya a kan kabarin Atika na yi sallama. Na gaya mata wanda ya zo da wanda bai zo ba, don na san za ta so ta sani. Sannan na karanta ƙafa ɗayan nan a hankali, yadda ban taɓa karanta ta ba tun ina makarantar allo. Na danna.

Sifiri biyar, kamar yadda kika ce. Na zaci zan ji an ƙwace mini wani abu. Na ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ji kuma kamar na raka ta ne har inda za ta, na miƙa mata kayanta. Na dawo gida na yi barci da rana.

Gidan yana nan da girmansa. Balkisu ta ce zan riƙa zuwa Jiratawa duk Juma'a ina cin dambu, ko ina so ko ba na so.

Ga carbin nan cikin ambulan, na naɗe shi a ƙyalle. Babu komai cikinsa yanzu, ana iya canza pil. Ki yi amfani da shi, ya fi zama a aljihun kurma. Atika ta ce in ta gama nata za ta kama nawa, to Allah bai nufa ba, kuma ba komai. Alewa biyu na ciki, kada ki ce Tanimu ya ci.

Kakanki,
Chaibu

*

Agadas
Ƙarshen Shawwal

Kaka Mushe,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, kuma na fara fita gaida mutane kamar yadda ka ce. Saƙo ya iso, alewa biyu cif, sun narke sun manne da ƙyallen amma na karɓa. Allah ya karɓi fida'un Inna Atika, ya sa ta huta.

Na sa sabon pil. Gilashin ya fito baƙi wuluk, har daga bakin ƙofa ana gani.

Ka ce ba komai. Da komai. Abin da ta ce za ta kama, na kama. Yau da safe carbin yana nuna 9, wadda ba gagara-raba ba ce, uku sau uku ce kawai, amma tana gaishe ka.

Sai dai ka san jikarka da lalaci. Ƙafa ɗaya nake yi maka kullum bayan sallar asuba, ba na ƙarawa. Ka ɗauki biki da kaye ka lissafa yaushe zan gama. Kafin ranar ba ka da izinin zuwa ko'ina, sai Jiratawa.

In an ba da hutu zan biyo Tanimu. Ka tanadi tabarma, da wata lambar.

Jikarka,
Fadila